Babbar hanta: ciwon da kaza ke fitowa da shi tun daga cikin ƙwai

Duk wanda ya saba fiɗar kaji ya san hantar lafiyayyar kaza. Ja ce mai duhu, gefenta da kaifi, tana kwance ƙarƙashin ƙashin ƙirji, kuma ba ta fi ƙarfin tafin hannu ba. Wadda nake son yin magana a kanta daban take. Kana tsaga fatar ciki za ta turo kanta waje, ta sauko har kusa da dubura, ta danne hanji da ƙundu. Launinta ya koɗe, jikinta duk fararen ƙululai, wasu 'yan mitsi-mitsi, wasu sun kai kan yatsa. In ka matsa ta kaɗan sai ta dagargaje. Saifa ta ninka girmanta, ƙoda ta kumbura ta fito daga raminta. Ita kuwa kazar ƙirjinta ya bushe sai ƙashi, zankonta ya yanƙwane ya yi fari fat.

Aikina likitancin dabbobi ne a Birnin Kebbi, kuma yawancin masu sallama a shagona masu kajin ƙwai ne, daga cikin gari da Kalgo da Jega da Argungu. A daminar bara wata Hajiya ta zo daga Kalgo da matattun kaji biyu a buhu. Kajinta sun shiga wata na shida, sun fara ƙwai ke nan, sai ga su suna faɗuwa ɗaya yau, ɗaya bayan kwana uku, ba tari, ba gudawa mai yawa, ba a kwasar gawa da yawa irin ta lokacin annoba.

Ta ce, "Likita, wallahi duk rigakafin da anka ce mun yi. Lasota, Gumboro, ba wanda munka tsallake. Kafso ma na zuba musu cikin ruwa har sati biyu. To mi ka ɗauke su ɗai-ɗai?"

Na feɗe su a gabanta, na nuna mata hantar, sannan na juya bayan kazar na ciro 'yar jakar nan da ke saman dubura, wadda masu kiwo suka sani saboda ita Gumboro ke kumburawa. Sunanta bursa. A kazar da ta kai wannan shekaru ya kamata a ce ta shanye ta kusa ɓacewa. Wannan kuwa tana nan, da ƙulu mai tauri a cikinta.

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan sankarar jini ce. Babu maganin da zan sayar miki."

Ba ta ji daɗi ba, kuma na san dalili. Mutum ya biyo hanya da matsalarsa, yana so ya koma da wani abu a leda. Amma kuɗin da za ta zuba a kafso gara ta ƙara buhun abinci. Kafso maganin bakteriya ne, ba ruwansa da bairos, balle ƙwayar jinin da ta riga ta juye. Abin da kawai zai yi shi ne ya sauka a cikin ƙwan da yara za su ci.

Na daɗe ina son in rubuta abin da ke faruwa a cikin jikin irin wannan kazar, don na lura in mai kiwo ya gane shi, yakan daina zargin mai ba kaji ruwa, ko maƙwabci, ko iskar damina.

Jini ba ya zama yadda yake har abada. Jajayen ƙwayoyin jinin kaza ba su wuce kamar wata guda suna aiki, sai su mutu a sake wasu. A cikin ɓargo ake ƙera sababbi. Can akwai uwayen ƙwayoyi waɗanda ba su zama komai ba tukuna. Uwa ta rabu biyu, 'ya'yanta su sake rabuwa, kowane rukuni ya kama hanyarsa: wasu za su zama jajaye masu ɗaukar iska, wasu farare masu cinye ƙwayoyin cuta, wasu masu tsayar da jini in an ji rauni. Akwai kuma waɗanda ke tafiya bursa tun ɗan tsako yana cikin ƙwai, su ƙarasa girma a can, su fito su zama masu haɗa garkuwar jiki. Ƙa'idar ita ce, ƙwaya tana rabuwa ne tana ɗanya. Da zarar ta nuna ta kama aikinta, galibi rabuwa ta ƙare, sai aiki har mutuwa.

Manomin shinkafa a fadamar Argungu zai gane wannan da sauri. Ka dasa shinkafa, ta kama, ta yi 'ya'ya, lokaci ya yi ta daina ganye ta yi ciki, ta fid da kai. To a ce wani gindi ya ƙi yin ciki, kullum sai sabon ganye da sababbin 'ya'ya, yana shanye ruwa da taki, yana danne na kusa da shi har ya mamaye fangali, ba a samu ko zangarniya ɗaya ba. Haka sankarar jini take. An tare ƙwayar a tsakiyar hanya, ba ta nuna ba, kuma ba ta daina haihuwa ba.

Mai tare ta a kaji, galibi, wani bairos ne da ake kira bairos ɗin lukosis na tsuntsaye. Yana cikin dangin da ke da wata dabara ta musamman, dangin da HIV ma ya fito daga ciki. Saƙon gadonsa a rubuce yake da RNA, amma in ya shiga ƙwayar jiki sai ya kwafe shi zuwa DNA, wato irin rubutun da gadon kaza da namu ke ciki, ya yanka DNA ɗin kazar, ya liƙa nasa a ciki. Daga ranar ya zama ɓangaren ƙwayar. Duk rabuwar da za ta yi, da shi za ta yi. Shi ya sa babu allura ko garin da zai fitar da shi.

Hanyar da ya fi bi ita ce ta ƙwai. Kazar da ke ɗauke da shi tana zuba shi cikin farin ƙwai lokacin da ƙwan ke saukowa, ɗan tsako ya kamu tun bai fasa ɓawo ba. Irin wannan ɗan tsako jikinsa ba ya ɗaukar bairos ɗin a matsayin baƙo, don tare suka tashi, saboda haka ba ya yaƙarsa. Zai rayu da shi a jini, yana zubar da shi a kashi da yawu, yana shafa wa 'yan'uwansa a injin ƙyanƙyasa da cikin kwalin da aka ɗauko su daga Ibadan. Waɗanda suka kamu tun cikin ƙwai ne kuma suka fi mutuwa da ƙari daga baya. Wato kajin Hajiya, wataƙila tun ranar da aka sauke kwalayen a tasha maganar ta riga ta ƙare.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masu bincike kai shi ne jinkirin. Bairos ya shiga tun ranar farko, me ya sa sai bayan mako 16 ko fiye ake ganin gawa? Kuma me ya sa kaji da yawa na ɗauke da shi amma kaɗan ke yin ƙari? A shekarun 1960 an gano cewa in aka cire wa ɗan tsako bursa da wuri, ciwon ba ya fitowa, ko da bairos na jikinsa. Ashe can ne mafarin. Sai a 1981 William Hayward da abokan aikinsa a Amurka suka duba DNA na ƙululan, suka ga a mafi yawansu bairos ɗin ya liƙe ne a gefen wata ƙwayar gado ta kazar kanta mai suna myc.

Aikin myc shi ne ta ce wa ƙwaya, "Ki girma, ki rabu." A lafiyayyen jiki ana kunna ta na ɗan lokaci a kashe. Shi kuwa bairos yana da makunni mai ƙarfi a kowane ƙarshensa, wanda ya tanada don a yi ta kwafar saƙonsa ba tsayawa. In ya sauka kusa da myc, makunninsa sai ya kama ta, ta kunnu ta ƙi mutuwa. Bairos ɗin ba ya zaɓen inda zai sauka. Yana shiga miliyoyin ƙwayoyin bursa, kowace ya faɗa wani wuri daban, mafi yawa ba abin da ke faruwa. Sai an yi rashin sa'a a ƙwaya ɗaya. Ko ita ɗin ma ba ta isa ba: cikin makonnin farko wasu 'yan gurabe a bursa kan cika da irin waɗannan ɗanyun ƙwayoyi, yawancinsu su shanye da kansu. Wadda ta sake samun wata ɓarna a kan ta farko ita ke zama ƙulu, kuma dab da fara ƙwai sai 'ya'yanta su bi jini su sauka a hanta da saifa da ƙoda. Hantar nan da ta cika ciki, in ka bi salsala, sau da yawa zuriyar ƙwaya ɗaya ce tak.

Tarihin abin ya fi shekara ɗari. A 1908 wasu mutum biyu a Denmak, Vilhelm Ellermann da Oluf Bang, suka ɗebi jini da tsokar kaza mai sankarar jini, suka tace ta matacin da ƙwayar jiki ko bakteriya ba ta iya wucewa, suka yi wa lafiyayyun kaji allurar ruwan, ciwon ya fito. Ba a kula su sosai ba, don a lokacin likitoci da yawa ba su ɗauki sankarar jini a matsayin ciwon daji ba. A 1911 Peyton Rous ya yi irin wannan a Amurka da ƙarin da ya ciro daga ƙirjin wata kaza. Shi ma aka ce ai na kaji ne, ba ruwan mutum. Sai 1966 aka ba shi kyautar Nobel, bayan shekara 55, yana tsoho tukuf. Da bairos ɗin Rous ɗin nan Howard Temin ya gano sinadarin da ke juya RNA zuwa DNA a 1970, shekarar da David Baltimore ma ya gano shi. Da shi kuma Dominique Stehelin da Harold Varmus da Michael Bishop da Peter Vogt suka nuna a 1976 cewa ƙwayar gadon da bairos ke jawo ƙari da ita ba tasa ba ce. Ta kaza ce ya sata, kuma irinta na jikin kowannenmu.

Wannan satar ita ta haifar da rukuni na biyu na waɗannan bairos, wanda ni ya fi jan hankalina tun ina makarantar likitan dabbobi a Sakkwato. Wani lokaci, da wuya ƙwarai, bairos ɗin kan haɗiye guntun ƙwayar gadon kaza ya tafi da shi. Daga nan ba ya buƙatar sa'ar sauka a wurin da ya dace, tun da kayan ɓarnar na cikin jakarsa. Duk ƙwayar da ta dace da shi, yana shiga za ta juye. Waɗannan ba sa jiran wata huɗu, cikin 'yan makonni sun kashe ɗan tsako. Ba su ne ke addabar gonakinmu ba, don a wajen satar sukan yar da wasu kayan aikinsu, ba sa iya yaɗuwa sai da taimakon bairos na asali. A ɗakunan gwaje-gwaje aka adana su, kuma su suka buɗe ƙofar.

Akwai wanda aka samu a Denmak a shekarun 1930, mai lalata jajayen ƙwayoyi. Akwai wanda aka samu a Amurka, mai cika jini da ɗanyun fararen ƙwayoyi, yana ɗauke da wata ƙwayar gado mai suna myb. Akwai MC29 da aka samu a Bulgeriya a shekarun 1960, wanda a jikinsa aka fara ganin myc. A shekarun 1970 Thomas Graf da Hartmut Beug a Jamus suka riƙa ɗibar ɓargon 'yan tsaki, su zuba a faranti, su sa wa kowane faranti bairos daban. Ɓargo ɗaya ne, amma abin da ke tsirowa ya bambanta. Na farko ɗanyun jajaye kawai yake tarawa, na biyu ɗanyun farare, MC29 kuwa manyan ƙwayoyin nan masu cinye datti. Kowane bairos na iya shiga ƙwayoyi iri-iri, amma layi ɗaya yake iya tarewa, a wani mataki sananne.

Jar ƙwayar jinin kaza, in ka shafa ɗigon jini a gilashi ka rina ka duba a madubin likita, doguwa ce mai siffar ƙwai, da cibiya a tsakiya, ba kamar tamu da ba ta da cibiya ba. A jinin kazar da bairos ɗin Denmak mai lalata jajayen ƙwayoyi ya kama, sai ka ga fili ya cika da wasu manya masu zagaye, cibiyarsu ta kusa cinye jikin, gefensu shuɗi, babu jan sinadarin da ke ɗaukar iska. Jini ya cika da ƙwayoyi, kazar kuma tana mutuwa da rashin jini.

Gwajin da ba na mantawa da shi shi ne na 1978. Graf da Beug suka samo wani nau'in wannan bairos da ya samu naƙasa: kayan ɓarnarsa na aiki a zafin digiri 36 ko kusa da haka, amma in zafi ya kai 41 zuwa 42 sai su sume. Suka juyar da ƙwayoyin ɓargo da shi a ƙaramin zafi, suka zama sankara sosai, suna ta rabuwa. Sannan suka ƙara wa akwatin zafi. Cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin suka fara haɗa jan sinadarin jini, suka kama hanyar da aka tare musu. Ba a kashe su ba, ba a zuba musu guba ba. An ɗauke hannun da ya danne su ne kawai, suka ci gaba daga inda suka tsaya. Ni a ganina babu gwajin da ya bayyana sankarar jini kamar wannan.

Daga baya aka gane kayan da wannan bairos ya sato guda biyu ne. Ɗaya, erbB, a 1984 aka gano asalinta: wata kafa ce a fatar ƙwaya da ke jiran saƙon "ki rabu" daga waje. Bairos ya gutsure ɓangaren da ke karɓar saƙon, sai ta koma tana aika umarni ciki dare da rana ba wanda ya aiko ta. Ɗayar, erbA, a 1986 aka gano ita ce mai karɓar sinadarin maƙoshi, wanda ƙarancinsa ke kawo maƙoƙo. Ta bairos ɗin ta kurmance, ba ta jin sinadarin, sai ta zauna daram a kan ƙwayoyin gadon da jar ƙwaya ke buƙata don ta nuna, ta hana a buɗe su. Ɗaya na tura rabuwa, ɗaya na toshe girma. In sun haɗu ciwon ya fi tsanani nesa ba kusa ba.

Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da farantin Jamus? Akwai ciwon da ke kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashenmu masu zazzaɓin cizon sauro. Denis Burkitt ne ya bayyana shi a Yuganda a 1958, shi ya sa ake kiransa da sunansa. A 1982 aka gano cewa a cikin ƙwayoyin wannan ƙari, myc ce ta tsinke daga mazauninta ta koma gefen wani makunni mai ƙarfi. Ƙwayar gado ɗaya da ta kaza, a cikin irin ƙwayar garkuwar da bursa ke renawa. Da ba a san ta a kaji ba, da ba a san inda za a duba ba. 'Yar'uwar erbB kuma ita ce HER2 da ake aunawa a sankarar nono, wadda aka fitar da maganinta a 1998. A Shanghai ta ƙasar Sin, a ƙarshen shekarun 1980, likitoci sun ba masu wani nau'in sankarar jini sinadarin da ke fitowa daga bitamin A, ƙwayoyin da suka tsaya suka ƙarasa nuna, mutane suka tashi. Ina roƙon duk wanda ya ga muƙamuƙi ko cikin yaro na kumbura da sauri cikin makonni, kada ya tsaya shafe-shafe ko cire haƙori. A kai shi babban asibiti. Ƙarin Burkitt na saurin girma, amma yana jin magani in an zo da wuri.

Kada kuma wannan ya tsorata kowa da cin kaza. Binciken da aka yi bai nuna bairos ɗin kaji na kama mutum ba. Duk da haka kazar da aka buɗe aka ga ƙululai, a binne ta ko a ƙone, kada a kai wa mai tsire.

Akwai wani ciwon da ake rikita shi da wannan, kuma bambancin na da amfani ga aljihu. Shi ne Marek, wanda wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangari, József Marek, ya bayyana a 1907. Bairos ɗinsa daga wani dangi ne daban, wasu fararen ƙwayoyi yake juyarwa, kuma ba ya bin ƙwai. Daga gindin gashin kaza yake fita, ya zauna a ƙurar ɗaki wata da watanni, ɗan tsako ya shaƙa. Yakan fara tun kaji na da mako shida zuwa sama. Za ka ga kaza ta zube, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ko idonta ya koma toka-toka. In ka buɗe cinya ka ga jijiyar ta yi kauri ta rasa sheƙinta, Marek ne. Shi yana da rigakafi tun wajen 1970, amma a ranar ƙyanƙyasa ake yi, kuma allurar ba ta jure zafi, in an haɗa ta dole a gama da ita cikin sa'a ɗaya ko biyu. Lukosis ba shi da rigakafi ko kaɗan. Wani lokaci ido ba ya raba su, don Marek ma na cika hanta da ƙululai. Nan sai a yanki hanta da bursa da jijiya a sa a ruwan fomalin a aika ɗakin gwaje-gwaje a Sakkwato ko Vom ta jihar Filato. Akwai kuma nau'in J na lukosis da aka gano a Ingila a 1988 a kajin nama, wanda ƙarinsa ke fitowa fari-fari a jikin haƙarƙari da cikin ƙashin ƙirji. Shi ya sa nake duba ƙashi, ba hanta kaɗai ba.

Maganin lukosis na hannun masu iyayen kaji. Ana gwada farin ƙwai ko a shafo dubura, a nemi wani furotin na bairos ɗin mai suna p27, duk kazar da aka samu da shi a fitar da ita daga garken, a maimaita zuriya bayan zuriya. Haka manyan kamfanonin duniya suka tsabtace nasu. Mai sayen 'yan tsaki yana da haƙƙin ya tambayi dillali daga wace gona suka fito, an yi musu Marek ko ba a yi ba, ana gwada iyayensu ko ba a yi. In dillali ya kasa amsawa, a nemi wani. Kuma asarar ba ta tsaya ga waɗanda suka mutu ba: kazar da ke ɗauke da bairos ko ba ta yi ƙari ba, ƙwanta na raguwa, kuma ba ya ƙyanƙyasuwa da kyau.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne ƙananan injinan ƙyanƙyasa masu aiki da sola da suka shigo gidaje. Sana'a ce mai kyau, matasa da mata na cin abinci da ita, ina kuma goyon bayanta. Amma da yawa a kasuwa suke tattara ƙwai, na wannan gida da na wancan, a zuba a inji ɗaya, kuma ba a wanke shi tsakanin zubi da zubi. Ɗan tsako ɗaya mai ɗauke da bairos ya isa ya shafa wa na kusa da shi a kwanakin farko, lokacin da suka fi rauni. Sa'ar da muka yi ita ce bairos ɗin lukosis ba ya daɗewa a waje, 'yan sa'o'i ne, kuma sabulu da maganin wanke ɗaki na kashe shi. Don haka ga masu inji nakan ce su san kajin da suke karɓar ƙwansu, su rubuta alamar kowane gida a jikin ɓawo da fensir, su wanke inji da tire bayan kowane zubi, su raba 'yan tsakin gida-gida a makonnin farko in da hali. Gidan da aka feɗe kazarsa aka ga babbar hanta, a ci ƙwansa ko a sayar na ci, amma kada a sake zuba shi a inji.